Sanarwar Lahadi ba ta isa ga matasa: abin da ikilisiyoyin zangon Kumasi za su gyara

A yawancin majami'un da 'yan arewacin Ghana ke sujada a Kumasi, irin na wajen Aboabo da Asawase da Moshie Zongo da Tafo, hanyar isar da saƙo ba ta sauya ba tun zamanin iyaye. Bayan an gama baiko sai sakatare ya miƙe da takarda a hannu, ya jero sanarwa goma ko fiye: zumuntar mata ranar Talata, nazarin Littafi Mai Tsarki ranar Laraba, koyon waƙa ranar Asabar, bikin wance, jana'izar wane a gida. Yana karantawa da Hausa, domin ita ce ta haɗa Kusasi da Farafara da Busanga da wanda ya zo daga Najeriya ko Nijar, wani kuma yana juyawa da Twi, harshen mutanen gari, ko Turanci. Wannan tsari yana yi wa wanda ke zaune a benci aiki. Amma yaron da aka yi sanarwar matasa dominsa yana gareji a Suame Magazine, unguwar makanikai, maigidansa ya riƙe shi a kan motar da za a ɗauka Litinin. Yarinyar tana dakon kaya a kasuwar Kejetia kwana shida, Lahadi ce kaɗai ranar wankinta. Ɗalibin jami'ar KNUST ya koma zumuntar makaranta. Dukansu suna da waya a hannu, kuma kafin su kwanta sai sun leƙa WhatsApp da TikTok, sai dai babu abin ikilisiyarsu da zai tare su a can.

Ikilisiyoyi da yawa sun fara taɓa wannan lamari ne ba shiri. Ranar 15 ga Maris 2020 Shugaba Akufo-Addo ya sanar da hana taruka saboda annobar korona, har da na majami'u da masallatai, ba a kuma sake buɗe ƙofofi ba sai farkon Yuni, shi ma da sharaɗin kada a wuce mutum 100, kada sujada ta wuce awa ɗaya. A wannan tsakanin aka buɗe shafukan Facebook, aka kafa waya a gaban bagadi, aka fara watsa sujada kai tsaye. Abin da ya biyo baya shi ne aka ɗauka cewa aikin ke nan: in dai ana haska fasto ranar Lahadi, to ikilisiya ta shiga zamani. A nan aka tsaya, kuma a nan ne kuɗi ke zurarewa ba tare da an kai ga matashin da ake nema ba.

Lissafin data kaɗai ya isa ya nuna dalili. Watsa bidiyo kai tsaye mai matsakaicin kyau, wato 720p, yana bukatar wajen megabit 2.5 a kowace daƙiƙa, wanda ya kama kusan gigabayit 1.1 a awa. Sujadar awa uku ta haura gigabayit 3 ke nan daga aljihun ikilisiya. Mai kallo kuwa, ko ya rage hoton zuwa 360p, awa ɗaya za ta ci masa wajen megabayit 300. Yaron da ke koyon kanikanci, wanda ke sayen data ta sidi biyu ko biyar, ba zai ƙona ta a kan sujadar da rabin farkonta waƙa ce da sanarwa ba. Wa'azin nan na minti 40, in aka ɗauke shi murya kawai aka matse shi zuwa kilobit 32 a daƙiƙa, bai kai megabayit 10 ba, kuma ana iya sauraronsa ana aiki, ana cikin trotro, wato motar haya, ana wanki. Watsawa kai tsaye tana da amfaninta ga marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya fita da 'yan'uwan da ke ƙasashen waje, don haka ba a ce a daina ba. Sai dai a san don wa ake yin ta. A kuma lura cewa tun Fabrairun 2025 Facebook yana goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30, saboda haka wa'azin da ake son ajiyewa sai a sauke shi, a ɗora a YouTube ko a adana a kwamfutar ofis.

Wurin da ya kamata a fara zuba ƙarfi shi ne WhatsApp, domin ita ce kowa ke da ita, daga ɗalibi har mai talla. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe zaure ɗaya a cusa kowa a ciki, dattawa da yara, a bar kowa ya turo abin da ya ga dama. Kafin wata ya zagayo zauren ya cika da hotunan barka da safiya, da tallan maganin gargajiya, da saƙon "tura wa mutum goma ka ga albarka", da siyasa in zaɓe ya gabato. Matasa su ne farkon masu kashe ƙarar zauren, daga nan sanarwar gaske ta nutse. Gyaran ba shi da wuya. A raba gida biyu: wurin sanarwa, inda masu kula kaɗai ke iya turawa, da zaurukan hira ƙanana na matasa, na mawaƙa, na mata, kowanne da mai kula biyu da ƙa'ida rubutacciya da aka liƙa a bayanin zauren. Wurin sanarwa kada ya wuce saƙo uku ko huɗu a mako, a ranaku da lokutan da aka sani, misali daren Talata da safiyar Asabar, har mutane su saba da cewa in ya yi ƙara akwai magana.

Akwai bambance-bambancen da ya kamata mai kula ya sani. Zaure yana ɗaukar mutum har 1,024, amma duk wanda ke ciki yana ganin lambar kowa, kuma ta nan ne wasu ke kwashe lambobin 'yan mata su bi su ta bayan fage. Jerin aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa yana tsayawa a 256, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai adana lambar mai aikawa ba, shi ya sa sakatare zai rantse ya aika, rabin mutane su ce ba su gani ba. Tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, tana ɓoye lambobin mabiya daga junansu, don haka ita ta fi dacewa da sanarwar da baƙi ma za su iya bi.

Sai maganar harshe, wadda ikilisiyoyin zango suka bambanta da sauran a kanta. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar a makarantun Ghana. Yaron da aka haifa a Aboabo yana jin Hausa kamar me, yana ciniki da ita, yana faɗa da ita, yana addu'a da ita, amma karatu da rubutu ya koye su ne da Turanci, wataƙila da Twi. In aka aika masa sakin layi biyar da rubutacciyar Hausa, zai wuce shi. In aka aika da Turanci zalla, yarinyar da ta zo daga ƙauye ba ta yi nisa a makaranta ba ta rasa. Abin da ke kama su duka shi ne saƙon murya da Hausar da ake yi a unguwa, wanda bai wuce minti ɗaya da rabi ba, a ƙarƙashinsa kuma layi uku na rubutu masu ɗauke da rana da lokaci da wuri kawai. Murya ta faɗi dalilin da ya sa ake son mutum ya zo, rubutu ya zama abin da zai koma ya duba ranar taron. A zaɓi mai muryar da ake ganewa, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya kashe fanka, ya riƙe wayar tazarar tafin hannu daga baki. Haka nan a kan nassi: a karanta ayar yadda take a Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ake samu kyauta a manhajar YouVersion, sannan a bayyana ta da Hausar zango, domin akwai kalmomi a fassarar da yaron Kumasi bai taɓa ji a bakin kowa ba. Wannan ba rage darajar nassi ba ne, aikin da mai fassara ke yi ne a gefen fasto kowace Lahadi.

Da ikilisiya za ta kashe kuɗi a abu ɗaya kawai, to sauti ne. Mutane suna haƙuri da hoto mai duhu, amma ba sa haƙuri da muryar da ke amsa-kuwwa. Wayar da aka kafa a bayan majami'a tana ɗaukar abin da lasifika ta watsa bayan ya bugi bango da rufin kwano ya dawo, haɗe da kukan yara da ƙarar fanka. Maganin shi ne a ɗauko sautin kai tsaye daga mikisa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirufo, ta ramin da aka rubuta AUX a jikinta, a bi da shi ta ƙaramin akwatin sauti mai shiga waya ta USB. Kada a haɗa mikisa da ramin waya kai tsaye da igiya kawai: ƙarfin da mikisa ke fitarwa ya ninka wanda aka yi ramin waya dominsa, sai murya ta fashe tana ƙara. In an haɗa aka ji wani gurnani mara yankewa a ƙarƙashin magana, yawanci caja ce da aka soka a layin wuta ɗaya da mikisa. A cire ta, a ciyar da wayar daga batirin ajiya, gurnanin zai tafi. Akwai kuma abin da ke ba masu farawa mamaki. Sautin mikisa yana fitowa a bushe, muryar mai jagoran waƙa ita kaɗai, babu ganga babu amsawar jama'a, saboda ganga a cikin ɗaki ba ta bukatar makirufo. Sai a ƙara makirufo ɗaya yana fuskantar jama'a, a tura shi ta AUX kaɗai, kada ya shiga lasifikar ɗaki don kada ya yi kuwwa. Wani ya sa abin kunne ya saurari abin da wayar ke ɗauka tun daga waƙar farko.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke ɓata aiki. Kira ɗaya yana katse ɗauka, don haka a rufe layin wayar, a jawo intanet daga wata wayar ko ƙaramar na'urar intanet. A cire wa wayar riga, domin zafin rufin kwano da rana yana sa ta kashe kyamara da kanta. A goge gilashin kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura. In akwai taga a bayan mai wa'azi fuskarsa za ta yi baƙi, sai a sauya kusurwa ko a saki labule. Ƙarfin intanet kuma a gwada shi ranar Lahadi a daidai lokacin sujada, a duba saurin turawa ba na saukewa ba, ya kai kusan ninki biyu na abin da ake son watsawa.

Gajeren bidiyo na TikTok da sitatus da YouTube shi ne ƙofar da baƙo ke shigowa ta ita. A ɗauke shi a tsaye, daƙiƙa 45 zuwa 90, magana ɗaya tak. Daƙiƙu ukun farko su ke yanke hukunci, shi ya sa doguwar gaisuwar da ta dace a bagadi ba ta da gurbi a nan, sai a fara da tambayar kanta: me zan yi in bashi ya yi mini katutu? Yankowa daga cikin wa'azi yana yiwuwa, amma sau da yawa gutsuren yana rataye a kan abin da aka faɗa minti goma baya. Ya fi kyau bayan an tashi a roƙi Baba Fasto ya zauna minti biyar a wuri mai haske, ya sake faɗin jigon wa'azin yana kallon kyamara kamar yana magana da mutum ɗaya. A rubuta fassarar Turanci a ƙasan hoto da hannu, a manhaja irin CapCut, domin rubutun atomatik ba abin dogaro ba ne a kan Hausar da aka gauraya da Twi, kuma da yawa suna kallo ne babu sauti. Kada a ɗora waƙar wani mawaƙi daga faifai a ƙarƙashi, na'urar gano haƙƙin mallaka tana iya kashe sautin ko ta toshe bidiyon. Biyu a mako da ba sa yankewa sun fi goma a makon farko sannan shiru wata uku.

Duk wannan turawa ce, kuma ba ita ce ta raba zamanin nan da na sanarwar takarda ba. Abin da ya sauya shi ne matashi yana sa ran in ya yi magana za a amsa masa. Tambayar da ba zai iya ɗaga hannu ya yi a gaban dattawa ba, zai rubuta ta ƙarfe goma sha ɗaya na dare: cacar ƙwallo da ta cinye masa kuɗin maigida, manhajar bashi da ke barazanar kiran 'yan'uwansa, saurayin da ba addininsu ɗaya ba, wani da ya yi alkawarin kai ta aiki ƙasar waje, baƙin cikin da ya hana barci. In saƙon ya kwana huɗu ba a buɗe ba, ba zai sake rubutowa ba, kuma akwai masu kiran kansu annabawa a TikTok da za su amsa masa cikin minti biyar su nemi kuɗin man shafawa da ruwan addu'a. Saboda haka ikilisiya ta ware mutum biyu manya masu riƙon asiri, namiji da mace, a sanar da sunayensu, su ɗauki alkawarin amsa kowane saƙo cikin awa 24, ko da amsar ita ce "mun gani, za mu kira ka gobe da yamma". Mace ta amsa wa mata. Ba a ɗaukar hoton hira a tura wa kowa, ko da sunan neman addu'a ne. Abin da ya fi ƙarfinsu su san inda za su miƙa shi: fasto, ko asibiti irin Komfo Anokye in maganar lafiyar ƙwaƙwalwa ce, ko lambar gaggawa 112 in rai na cikin haɗari. Tambayoyin da suka yi ta maimaituwa, bayan an cire duk abin da zai nuna mai su, su ne jigon nazarin matasa na wata mai zuwa, ana ma iya jefa ƙuri'a a zaure su zaɓi wanda za a fara da shi.

Ikilisiyar zango tana da wani nauyi da na sauran unguwanni ba su cika ji ba. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun kai kashi 71.3 cikin ɗari na mutanen Ghana, Musulmi kashi 19.9, amma a zango lissafin a juye yake, kuma Hausar da ake wa'azi da ita ita ce ta maƙwabci da mai gidan haya da abokin sana'a. Maganar da aka yi a cikin bango huɗu, in aka yanke daƙiƙa ashirin daga cikinta aka watsa, gobe tana wayar kowa a Asawase ba tare da abin da ya gabace ta ba. Zaman lafiyar da ake da shi an gina shi ne da hannu. Mutane ba su manta ba yadda Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya halarci majami'ar Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019. Don haka duk bidiyon da zai fita, wani dattijo ya kalle shi tukuna da tambaya ɗaya: in maƙwabcinmu ya ga wannan shi kaɗai, me zai fahimta? A faɗi bangaskiya sarai, a bar ambaton addinin wani da reni. Doka ma tana nan: a Disambar 2021 'yan sanda sun gargaɗi masu annabcin daren shiga sabuwar shekara cewa yaɗa abin da zai jefa jama'a cikin tsoro laifi ne.

Fuskokin mutane kuma amana ce. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, wato Act 843, ta sa addinin mutum da bayanan yara cikin abubuwan da ake ba kariya ta musamman. A aikace ma'anarsa ita ce kyamara ta tsaya a kan bagadi, a ware layukan benci da ba ta kaiwa, a sanar da haka. Akwai masu zuwa sujada da danginsu ba su sani ba, hoto ɗaya yana iya raba su da gida. Shaida da baftisma da addu'ar marasa lafiya ba a ɗora su sai da yardar mai su bayan an bayyana masa cewa abin da ya hau intanet ba ya dawowa. Yaran makarantar Lahadi sai da izinin iyaye, ba tare da suna ko makaranta ba, kuma wanda bai kai shekara 13 ba ƙa'idar manhajojin kansu ba ta yarda ya buɗe shafi ba.

Shafuka da yawa sun mutu ne saboda yaro ɗaya ya buɗe su da lambarsa, ya koma Accra ko aka saɓa da shi, ya tafi da makulli. A buɗe komai da imel da layin ikilisiya, masu iko su zama uku, ɗaya daga cikinsu dattijo, a rubuta kalmomin sirri a ajiye wurin ma'aji, a sauya su duk lokacin da wani ya bar aikin. Layin a riƙa amfani da shi, domin wanda aka bari ya daɗe a kwance kamfani yana sake sayar da shi. Damfarar da ta fi cin zaurukan ikilisiya kuwa salonta ɗaya ne: wani ya kira da ladabi, ya ce daga zaure yake, za a yi taron addu'a ta intanet da dare, an turo maka lamba shida ta shiga, ka karanto masa. Lambar nan ita ce makullin WhatsApp ɗinka. Da ya same ta sai ya ƙwace shafin, ya fara rubuta wa 'yan'uwa da sunanka cewa kana asibiti a turo kuɗi. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri ta WhatsApp, a wayar kowane mai kula, a zauna bayan sujada a taya dattawa kunna tasu, a riƙa maimaitawa daga bagadi cewa ikilisiya ba ta tambayar kowa lamba. Wanda abin ya shafa ya kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa. Baiko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, shi ma lamba ɗaya ce tak, mai rajista da sunan ikilisiya, yadda mai turawa zai ga sunan kafin ya sa lambar sirrinsa, kuma mutum biyu su daidaita lissafinta da littafin ma'aji kowane ƙarshen wata.

Masu yin aikin su zama matasan da kansu, huɗu zuwa shida, ana karɓa-karɓa don kada mutum ɗaya ya shekara bai zauna ya ji wa'azi ba, a kuma sa kuɗin data cikin kasafin ikilisiya maimakon a bar su suna cirewa daga aljihu. Bayan wata uku a zauna a duba abin da ya fito, a ƙirga tambayoyin da aka amsa da sababbin fuskokin da suka zo nazarin Laraba, domin yawan masu danna alamar so yana iya fitowa daga mutanen da ba su san inda Aboabo take ba.

Sanarwar sakatare kuma ba za a jefar da ita ba. Ɗaliban sakandare na kwana ba a yarda su riƙe waya a makaranta ba, sai ta hannun iyaye ko ziyara ake samunsu har a yi hutu. Tsofaffi da yawa ƙaramar waya mai maɓalli ce da su. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, an yi kwanaki ana fama kafin abubuwa su daidaita, amma kira da gajeren saƙo suna tafiya. Saboda haka a riƙe jerin lambobin 'yan ikilisiya a takarda, a raba su goma-goma, kowane goma da mutum ɗaya da zai kira su in rasuwa ko sauyin lokaci ya taso, a kuma sabunta jerin sau biyu a shekara, bayan Ista da bayan Kirsimeti, lokacin da masu tafiya gida suka dawo da sababbin layuka.